Malamina ya ce ban yi bincike ba, alhali kullum ina kan intanet

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin ilimi, kuma wallahi na kai maƙura. Aikina a kan yadda riƙe waya da daddare ke shafar barci da karatun ɗaliban sakandare ne. Sau biyu ke nan sufabaizana yana dawo min da babi na biyu, wato na bitar rubuce-rubucen masana, na ƙarshen ma da jan biro ya rubuta a saman shafi wai ban yi bincike ba, kuma ya maimaita da baki a gaban wasu ɗalibai da ke ofis ɗin. Ni kuwa Allah ya sani kullum ina kan Google Scholar har tsakar dare. In na kwafi taken aikina na sa, sai ya kawo min dubban abubuwa marasa alaƙa, in kuma na sa shi cikin alamar zance sai ya ce babu komai. Da na gaji na tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan na AI ta ba ni jerin manazarta, na saka a aikin, ashe biyu daga ciki babu su a duniya, kuma shi ya gano. Yanzu kunyarsa nake ji, sati uku ke nan ban je wajensa ba. Ƙawata ta ce akwai wanda take ba kuɗi yana haɗa mata babi na biyu, wai in daina wahalar da kaina. Laburare kuwa ban taɓa tambayar kowa komai ba, gani nake za a ce mai mastas guda ba ta iya neman takarda ba. Saura wata biyu a yi semina. Shin taken nawa ne ba a yi rubutu a kai ba in canja, ko ni ce kaina ba ya ja?

Daga wata ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara amsa miki tambayarki ta ƙarshe tun kafin komai, don na san ita ce ke hana ki barci. Taken naki an yi rubutu a kansa, ba kaɗan ba ma, maganar waya da barcin matasa tana cikin abubuwan da masana lafiya da na ilimi suka fi yin bincike a kai a shekarun nan. Kuma kanki ƙalau yake. Wadda ta iya zama ta tsara matsalarta a wasiƙa irin wannan, ta faɗi abin da ta yi daidai da wanda ta yi ba daidai ba ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ba ita ake cewa kanta ba ya ja ba. Abin da ya faru kawai shi ne akwai wata ƙaramar sana'a da ake yi kafin a fara rubuta babi na biyu, wato neman maƙalu a rumbun bayanai, kuma da yawan ɗalibai ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu, sai dai a ce je ki nemo manazarta kamar da ita aka haifi mutum. Na ji zafin jan biron nan da ke, balle a gaban mutane, amma za mu dawo kansa. Mu fara da abin da ke hannunki.

Kin ga rumbun bayanai ba ya jin magana irin ta mutane. Ke kina rubuta masa jimla kina tsammanin zai fahimci abin da kike nufi, shi kuwa kalmomi yake dubawa ɗaya bayan ɗaya yana neman inda suka fito. Kamar mai tsaron sito ne da bai san labari ba sai sunan kaya, in kin faɗi sunan da ke rubuce jikin buhu ya ɗauko miki, in kin tsaya yi masa bayanin abin da za ki yi da kayan sai ya yi ta kallon ki. Da kika sa taken gaba ɗaya cikin alamar zance, abin da kika ce masa shi ne ya nemo miki takardar da ke ɗauke da waɗannan kalmomin a jere daidai yadda kika rubuta, ba ragi ba ƙari, to ai wannan takardar ke ce za ki rubuta ta, shi ya sa ya ce babu. Da kuma kika cire alamar, sai kalmomi irin su effect da students da study suka shiga lissafi, su kuwa kusan kowace maƙala ta fannin ilimi tana da su, shi ya sa ya zubo miki tarkace. Duka biyun ba shaida ba ce cewa ba a yi aiki a kan batun ba.

Don haka yau ki rufe kwamfutar tukuna, ki ɗauko takarda da biro. Rubuta taken a sama, sannan ki tambayi kanki abubuwa nawa ne ainihin a cikinsa. Ni dai guda huɗu na gani: waya, barci, sakamakon karatu, da kuma matasan da ke sakandare. Sauran kalmomin duk ki soke su, effect, impact, among, a study of, har da sunan garin ko yankin da za ki yi binciken, wannan na ƙarshen shi ne ya fi kashe wa ɗalibai nema domin da zarar kin sa shi kin kori duk wani aiki da aka yi a wani wuri, alhali babi na biyu bitar abin da duniya ta sani ne a kan batun. Ki ja layi huɗu a tsaye, kowane abu da gidansa. A ƙarƙashin kowanne ki jera duk sunayen da wani marubuci zai iya kiran sa da su, kuma tunda yawancin mujallun da Turanci suke, da Turancin za ki jera. A gidan waya ki sa smartphone, mobile phone, cell phone, screen time, social media. A gidan barci ki sa sleep, sleep quality, sleep duration, insomnia, bedtime. A gidan karatu academic performance, academic achievement, grades, school performance. A gidan matasa adolescent, teenager, secondary school, high school. Ki lura da na ƙarshen nan da kyau, Ba'amurke zai rubuta high school da cell phone, ɗan Ingila zai rubuta secondary school da mobile phone, abu ɗaya suke nufi amma in ɗaya kawai kika sa kin bar rabin aikin a baya ba ki sani ba. Haka ma rubutun wasu kalmomin, behavior da behaviour duk ki sa.

Yanzu sai haɗa su, kuma nan ne wasu ƙananan kalmomi uku ke aiki, AND da OR da NOT, da manyan baƙaƙe ake rubuta su. Asalinsu daga lissafin wani Bature ne ɗan Ingila mai suna George Boole da ya rayu tsakanin 1815 da 1864, shi ya sa za ki ga ana kiran su da sunansa a shafukan taimako. OR tana faɗaɗawa, ita ake sawa tsakanin kalmomin da ke gida ɗaya, in kin rubuta smartphone OR "mobile phone" OR "cell phone" kin ce masa ko wanne ya samu ya kawo. AND tana matsewa, ita ake sawa tsakanin gida da gida, wato sai takardar da ta ƙunshi waya kuma ta ƙunshi barci. Mutane da yawa suna juya su, suna ganin AND ƙari ce don haka za ta kawo da yawa, a'a, duk AND ɗin da kika ƙara sakamako raguwa yake yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ki danna inda aka rubuta Advanced Search, za ki ga akwatuna a jere, ki zuba gida ɗaya a akwati ɗaya da OR a tsakaninsu, gida na biyu a akwati na biyu, sannan ki bar AND tsakanin akwatunan. In kuma akwati ɗaya ne kawai a shafin, sai ki sa kowane gida cikin baka biyu don kada ya cakuɗa su. Alamar zance kuwa ba laifi gare ta ba, wurinta ne kika saɓa, kalma biyu ko uku da ke tafiya tare ake sawa a ciki irin su "sleep quality", ba jimla guda ba. Akwai kuma alamar tauraro, in kin rubuta adolescen* a rumbuna irin su PubMed ko Scopus ko na EBSCO zai kamo adolescent da adolescents da adolescence a lokaci guda. NOT kam ki yi hankali da ita, ni da za ki bi tawa ki bar ta sai kin ƙware, domin in kin ce NOT university don ki kori 'yan jami'a, za ta kori har maƙalar da aka yi a kan 'yan sakandare in dai kalmar ta fito sau ɗaya a tsakurenta, wato abstract, taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala.

Kada ki fara da gida huɗun gaba ɗaya. Fara da biyu, waya da barci, ki ga abin da ya fito. In ya yi yawa ki ƙara matasa. In har yanzu dubbai ne ki ce ya nema a cikin take da tsakure kawai maimakon cikin rubutun duka, ki kuma taƙaita shekaru, misali goman da suka wuce, ko abin da sashenku ya ƙayyade. In kuma kin haɗa huɗun sai kika ga guda bakwai ko takwas, kada gabanki ya faɗi, cire gida ɗaya. Za ki iya neman waya da barci daban, barci da sakamakon karatu daban, waya da sakamakon karatu daban, kin ga kanun babi na biyunki ma sun fito da kansu ke nan, kuma aikinki shi ne ɗaure su wuri ɗaya. Nema na farko ba ya yin daidai ga kowa, ana yi ana gyarawa ne. Da zarar kin samu maƙala ɗaya da ta yi miki daidai, ki buɗe ta ki duba ƙarƙashin tsakure, marubutan sukan jera kalmominsu guda biyar ko shida, ki kwashe waɗanda ba ki da su ki ƙara a takardarki. Nan ne za ki ci karo da irin su problematic smartphone use ko daytime sleepiness, waɗanda da wuya ki ƙirƙiro su da kanki kina zaune.

Sai maganar inda kike nema. Google Scholar yana da amfani sosai, tun 2004 yake kuma kyauta ne, amma yana da iyaka da ya kamata ki sani. Ba ya aiki da alamar tauraron nan, akwatin nemansa ba ya ɗaukar dogon rubutu, komai yawan adadin da ya nuna miki a sama ba zai buɗe miki fiye da guda 1000 ba, kuma yana haɗa maƙalar da masana suka tantance da wadda ba wanda ya duba a kwando ɗaya. Ke da kike fannin ilimi, gidanki na farko ERIC ne, ma'aikatar ilimi ta Amurka ke ɗaukar nauyinsa, kyauta ne, kuma a ƙarƙashin akwatin nema akwai wurin da za ki danna ya kawo miki waɗanda aka tantance kawai, da wani wurin na waɗanda cikakken rubutunsu ke ciki. Tunda kuma aikinki ya taɓa barci, to ya shiga harkar lafiya, dole ki leƙa PubMed, na babban laburaren likitanci na Amurka, shi ma kyauta, yana da bayanan maƙalu sama da miliyan 30. Waɗannan biyun suna da wani abu da Google Scholar ba shi da shi, wato tsayayyun kalmomi da ake liƙa wa maƙala bisa abin da ta ƙunsa, ko da wace kalma marubucin ya yi amfani. A PubMed sunansu MeSH, a ERIC kuma akwai Thesaurus. Misali a MeSH kalmar Adolescent tana nufin ɗan shekara 13 zuwa 18, daidai 'yan sakandarenki, a ERIC kuma Academic Achievement ita ce tsayayyar kalmar sakamakon karatu. Ki yi nema da su, sannan ki sake yi da naki kalmomin, domin sababbin maƙalu wani lokaci ba a riga an liƙa musu ba. Don aikin da aka yi a Afirka ki shiga AJOL, tun 1998 yake tara mujallun nahiyar kuma akwai ɗaruruwa a ciki, shi dai nemansa mai sauƙi ne, kalma biyu ko uku sun isa. DOAJ kuma jerin mujallu ne da ake karantawa kyauta waɗanda aka duba ingancinsu kafin a saka su.

Wata dabara da nake so ki riƙe da hannu biyu. Nemi maƙalar bita, wato wadda ta tattara binciken mutane da yawa ta auna su, ki ƙara "systematic review" ko meta-analysis a nemanki. Guda ɗaya mai kyau za ta ba ki manazarta masu yawa a ƙarshenta, ki bi su baya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki kwafi takenta ki sa a Google Scholar, nan kam sa take gaba ɗaya daidai ne tunda takarda sananniya kike nema, ki danna Cited by da ke ƙarƙashinta, zai nuna miki waɗanda suka ambace ta bayan fitowarta, kin bi gaba ke nan. A shafin akwai ƙaramin akwati da za ki danna ki yi nema a cikin waɗannan kaɗai. Da maƙala biyu ko uku masu kyau, baya da gaba, sai ki ga sunayen wasu marubuta suna ta maimaituwa, to su ne manyan fagen, kuma su malaminki ke nema a babi na biyu bai gani ba.

Yanzu laburare. Ƙanwata, wannan kunyar ita ce ta fi ci min rai a duk wasiƙarki, domin ita ta fi cutar da ke kuma ba ta da tushe ko kaɗan. Ma'aikacin laburare karatun wannan abin ya yi, shi ne aikinsa, kuma malamai masu digiri na uku ma suna zuwa wajensa. Ba wanda zai yi miki dariya. Da ɗan gari akan ci gari. Manyan rumbuna irin su Scopus da Web of Science da JSTOR da na EBSCO da kuɗi ake shiga, jami'a ce ke biya, kuma sau da yawa ɗalibi yana gamawa bai san jami'arsa tana da su ba, kalmar sirrin tana nan a teburin da yake wucewa kullum. Akwai kuma shirin Research4Life da ke ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu kyauta ko da rahusa, ya fara da Hinari na lafiya a 2002 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga baya aka ƙara na noma da muhalli da sauransu, kuma ta hannun laburare ake samun shiga in cibiyar ta yi rajista. Ki je da takardar nan taki mai layi huɗu, ki tambayi wanda ke kula da sashen intanet ko na taimakon masu bincike, ki ce ga aikina ga kalmomina, waɗanne rumbuna muke da su kuma yaya zan shiga daga gida. Ki tambaya kuma ina ake ajiye kundayen digiri na sashenku, da ko suna aro daga wani laburaren in babu abu a nasu. In wanda kika fara samu bai ba ki fuska ba, ki koma wani lokacin ki samu wani, kada mutum ɗaya ya rufe miki ƙofa.

Malaminki kuma. Faɗar magana irin wannan a gaban ɗalibai bai kyautu ba, zai iya jiran su fita, kuma ba zan ce miki kada ki ji ciwo ba. Amma ki tsaya a inda yake tsaye na minti ɗaya. Shi bai ga daren da kika raba kina nema ba, abin da ya gani shi ne babi mai raunin manazarta, da sunaye biyu da ya nema bai samu ba. Sunansa zai hau kan kundin nan tare da naki, kuma da waɗannan biyun sun wuce har gaban masu jarrabawa, abin da zai biyo baya ya fi jan biro muni nesa ba kusa ba. Mutumin da ya zauna ya bi manazartanki ɗaya bayan ɗaya har ya gano na bogi, karanta aikinki yake yi da gaske, akwai ɗaliban da ke kukan rashin irinsa. Manhajojin nan an san su da wannan halin, suna ƙirƙiro take da sunan marubuci da shekara da suka yi kama da gaske, saka su ba tare da dubawa ba kuskure ne kuma kin riga kin gane. Abin da ke ƙara ɓata lamarin yanzu shi ne sati ukun nan, domin shiru a wajensa zai iya zama kamar ba ki damu ba. Ki tura masa gajeren saƙo a satin nan ki nemi ganinsa. In kin je kada ki yi dogon bayani, ki ce Malam waɗancan biyun daga AI na ɗauko ban tantance ba, na yi kuskure, na cire su kuma na bi sauran na tabbatar da su. Sannan ki miƙa masa shafi ɗaya da ke nuna rumbunan da kika shiga, kalmomin da kika sa, da maƙalu goma ko sha biyar da kika tace, ki roƙe shi ya nuna miki waɗanda suka fi da kuma sunan masani ɗaya ko biyu da yake ganin ba a yin wannan batun ba tare da su ba. In ya ci gaba da yi miki magana a gaban mutane bayan wannan, to sai ki samu mai kula da karatun gaba da digiri a sashenku ki yi masa bayani cikin ladabi, amma ba na jin za a kai nan.

Ita AI ɗin ba sai kin rabu da ita gaba ɗaya ba in dokar makarantarku ta yarda, za ta iya taimaka miki jero kalmomi masu ma'ana ɗaya. Manazarta dai kada ki karɓa daga hannunta sai kin ga takardar da idonki. Yawancin maƙalun zamani suna da lambar DOI, wato lambar shaida da kowace maƙala ke da tata daban, ki sa ta a doi.org, in ta kai ki ga takardar mai wannan take da waɗannan marubutan to akwai ta.

Ƙawarki na yarda tausayinki ta ji, ta ga kina wahala ta miƙo abin da take da shi. Amma kada ki karɓa. Wanda ake biya ɗin nan ba ki san inda yake kwaso nasa ba, watakila daga manhajar da ta jefa ki a wannan halin ne, ko daga kundin wani, kuma yanzu idon malaminki a kan manazartanki yake fiye da na kowa. Ranar semina ke za ki tsaya, a ce miki wane da kika ambata a shafi kaza me ya gano, a kan yara nawa ya yi binciken, shi mai karɓar kuɗin yana gidansa. In aka kama, makarantu da yawa suna ɗaukar sa a matsayin maguɗi, hukuncin kan kai har kora. Ba sai kin yi mata wa'azi ba ko kin ɓata da ita, ki ce mata na gode zan gwada wata hanya, in kuma za ta yarda ki ja ta ku je laburaren tare, mai yiwuwa ita ma abin da ya kai ta can ke nan.

Maganar canja take, ni ban ga dalili ba. In kin yi duk wannan sai kika ga an yi aiki da yawa a wasu ƙasashe amma kaɗan ne a irin yankin da kike nazari, wannan giɓin shi ne hujjar aikinki, sai ki rubuta shi a fili. Amma ki kiyaye cewa ba wanda ya taɓa yi, ki ce a rumbuna kaza da kalmomi kaza ban samu ba, wannan magana ce da za ki iya karewa. Abin da zai iya tasowa shi ne ki ga taken ya yi faɗi, sai ku zauna da malam ku matse shi, misali ku tsaya a kan tsawon barci kawai ko a kan aji ɗaya.

Tun daga nema na farko ki buɗe littafi ko fayil ki riƙa rubuta rana, rumbun da kika shiga, kalmomin daidai yadda kika sa su, da adadin da ya fito, in ba haka ba bayan sati biyu za ki ga kina maimaita abin da kika riga kika yi. Ki sauke Zotero, kyauta ne, yana ajiye miki bayanan kowace maƙala da dannawa ɗaya kuma ya tsara manazarta a salon da sashenku ke so, sai dai ki riƙa dubawa don wani lokaci yakan ɗauko suna ko shekara a karkace. In maƙala ta ce sai an biya, kada ki yi saurin haƙura, danna All versions a Google Scholar ko akwai kwafin kyauta a shafin wata jami'a, ko ki tura wa marubucin imel mai layi uku ki roƙa, da yawansu suna turowa da murna. Kuma ba kowace za ki karanta daga farko har ƙarshe ba, tsakure za ki fara dubawa, wadda ta tsallake sai ki karanta hanyar bincikenta da sakamakonta.

Wata biyu ya isa in kin fara yanzu. Satin nan takarda mai layi huɗu, laburare, da saƙon malam. Sati biyu masu zuwa nema da tacewa, ki sa wa kanki ranar da za ki tsaya, domin nema ba ya ƙarewa in ba ke kika tsayar da shi ba, alamar ya isa ita ce ki ga maƙalun da kika riga kika sani su ke ta dawowa. Sauran lokacin na karatu da rubutu ne. Kuma don Allah ki daina kaiwa tsakar dare, awa biyu da safe da kai a sake sun fi miki. Ki rubuto min bayan kin ga malam, ki haɗo da kalmomin da kika yi amfani da su da adadin da kowanne ya kawo, in akwai inda ya maƙale sai mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi seminar lafiya.